Ƙwaron da ke huda ganyen kuɓewa: lacca ga masu lambu a Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana masu lambu, musamman ku da kuka taso tun daga bakin kogin Kaduna cikin wannan zafi, sannunku da ƙoƙari.

Bari in fara da kuɓewa. Daga ƙarshen bazara zuwa saukar ruwan fari, za ka wayi gari ka ga ganyenta ya koma kamar rariya. Aikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai taurin baya, kana kai hannu ya yi tsalle kamar ƙuma. Ban da huda ganye, yana ɗauko cutar da ke sa ganyen ya yi dabbare-dabbare. Shuka ƙarama ya fi yi wa illa, saboda haka makonnin farko ne wurin sa ido.

Maganinsa na nan a ƙofar gidanku: darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. Ganyen na aiki, amma ƙwallon ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka ɓare, ka daka. Rabin kilo a ruwa lita 10. Ya kwana a jiƙe, ka tace da kyalle, ka ɗan narka sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, domin rana na kashe ƙarfinsa, kuma a lokacin zuma ta koma gida. A maimaita duk mako, ko in ruwan sama ya wanke.

To ga inda muke samun saɓani da ku. Wani ya taɓa tare ni ya ce, "Malam, na fesa, ban ga gawa ko ɗaya ba." Na ce ai ba za ka gani ba. Darbejiya ba ta kayar da ƙwaro nan take. Hana shi ci take yi, ta hana 'ya'yansa girma. Kada ka duba ƙasa, duba sabon tohon da ya fito bayan kwana huɗu ko biyar. In ya fito lafiya lau, magani ya ci.

Toka kuma a barbaɗa ta da asuba, raɓa na kan ganye. Kaɗan dai.

Hangara, mai cin furen wake, ita hannu take so, amma ba hannu tsirara ba, don ruwan jikinta na tayar da bororo. Da sassafe, kafin jikinta ya sake, ka karkaɗe ta cikin bokitin ruwan sabulu.

Na ji Hajiya daga baya tana tambayar gwazarma. Hajiya, ai ɗiyar ƙwaro ce, kuma sau da yawa mu muke kai ta lambu cikin takin da bai ruɓe ba. A baza takin, a kafce ƙasa, a saki kaji su yi kwana biyu suna tono kafin a yi shuka.

Akwai ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi, mai sheƙi. Wannan ku ƙyale shi, darɓa yake ci, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan shuka. Mai kama da shi, wanda bayansa ya dusashe kuma ka same shi yana kankare ganyen kabewa, shi ne na bokiti.