Sulken tanka cikin gem: ina anka yi gaskiya, ina anka rage muna zance?

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka, daga nan Sakkwato. Yau zancen tankokin yaƙin duniya na biyu za mu yi, yadda suke cikin gem ɗin dabarun yaƙi na kwamfuta da kuma yadda suke a fagen daga. Gardamar da nike ji kullum wurin samari 'yan gem ita ce ta milimitan kaurin sulke, wane ya ce Tiger ta fi kauri, wane ya ce Panther, dukansu tankokin Jamus ne, a yi ta ja har wayar wani ta mutu. To kaurin na da muhimmanci kuma da shi za mu fara, amma ku biyo ni har gaba, don gem da yawa sun iya lissafin ƙarfe, mutanen da ke cikin ƙarfen ne ba su iya ba.

Ku dubi wagga tanka da ke kan allo. T-34 ce ta Tarayyar Sobiyet. Kaurin sulken gabanta milimita 45 kacal, in ka ji haka sai ka raina ta, amma dubi yadda anka kwantar da shi, digiri 60 daga tsaye. Duk wanda ya taɓa sayen rake ya san in mai rake ya sare shi a miƙe bakin saran ƙarami ne, in ya sare shi a karkace sai bakin ya yi tsawo. Haka harsashi ke samun sulke mai karkata, hanyar da zai bi cikin ƙarfen ta ƙaru, 45 ɗin nan ta koma kamar 90, ga shi kuma karkatar na sa harsashi ya goce ya yi sama maimakon ya kafe. Jamusawa sun gamu da ita a 1941, ba su ji daɗi ba, shi ya sa da sunka ƙera Panther su ma sunka kwantar da gabanta, milimita 80 a digiri 55, wanda in ka lissafa ya kai wajen 140. Ita ko Tiger ta farko da ta fito a 1942 akwati ce sosai, gaba 100, gefe 80, kusan a tsaye, sai anka koya ma direbobinta su riƙa ba abokin gaba kusurwa, kada su fuskance shi kai tsaye.

To a nan gem sun kasu. Akwai masu ba tanka laif, wani layi bisa kanta da ke raguwa in an harbe ta, kamar World of Tanks da Company of Heroes. Suna da daɗi, ni ban hana kowa ba, amma ƙarfe bai aiki haka. Harsashi ko dai ya huda ko bai huda ba. Kana iya harbin gaban Tiger sau goma da ƙaramar igwa ba ta san kana yi ba, ɗaya tak kuma ya shiga ta gefe ya taɓa inda anka jera harsasai shi ke nan, zance ya ƙare. War Thunder ya fi kusa da gaskiya a wannan fanni, don shina nuna maka hanyar da harsashi ya bi cikin tankar, wa ya samu, direba ne ko mai harbi, inji ne ko tankin mai. Combat Mission da ya fara fitowa a 2000 da Graviteam Tactics su ma lissafi suke yi na gaske, nisa, kusurwa, irin harsashin, da gefen da ya sauka.

Kuma ko lambar da ke cikin littafi ba ita ce duka ba. Ƙarshen yaƙin Jamus ta rasa wasu ma'adinai da ake gauraya ƙarfen sulke da su, sai sulkensu ya riƙa tsagewa ko da kaurin na nan yadda yake a takarda. Wani lokacin ma harsashi bai huda ba amma bugun ya sa ɓarɓashin ƙarfe ya ɓalle daga ciki ya watsu kan mutane. Ga kuma sarƙar ƙafa, in ta tsinke tanka mai tan 57 kamar Tiger ta zama ɗaki, ba gaba ba baya, kuma sau da yawa mutanen ciki fita suke su bar ta, don wanda ya same su sau ɗaya ya riga ya san nisan, na biyu na tafe.

Yanzu ga inda nike so ku natsu. Mu shiga cikin T-34 ta farko, mai igwa milimita 76. Mutum huɗu ne, biyu ƙasa, biyu cikin kan da ke juyawa. Kwamanda shi ne kuma mai harbi. Wato idonshi na manne da madubin saiti shina neman abu guda can nesa, hannunshi na juya igwa, a lokaci guda kuma shi ake jira ya gaya ma direba inda zai bi, ya lura da mi ke tahowa ta hagu da dama, ga ƙarar inji, ga hayaƙin harbi ya cika ɗan wurin, ga ƙura, ga ƙofar sama a rufe sai 'yan tsagogi da madubai marasa kyau da zai leƙa. A 1941 tankoki da yawa ba su da rediyo ma, sai ta shugaban rukuni, sauran da tuta ake yi musu ishara. Ka gaya min wa ke ganin tuta cikin wannan hali.

Panzer III ta Jamus ba ta kai T-34 sulke ko igwa ba a lokacin, amma mutum uku ne cikin kanta, mai harbi daban, mai ɗura harsashi daban, kwamanda aikinshi kallo da ba da umurni kawai, yana da 'yar rumfa mai tagogi kewaye a sama, ga rediyo. Sai ya zama su ke fara gani, su fara harbi, su kira 'yan uwansu su zagayo ta gefe. Irin haka ta faru a Faransa a 1940, tankar Faransa Char B1 bis na da sulke milimita 60 da yawancin igwogin Jamus ba su iya hudawa, amma mutum ɗaya ne cikin kanta, shi ne kwamanda, shi ke ɗurawa, shi ke harbi. Su Sobiyet sun gane matsalar, T-34-85 da ta fito a 1944 mutum uku anka sa a kai.

To kai da ke zaune gaban kwamfuta fa? Kamara na sama kamar shaho, kana ganin bayan tudu, kana ganin bayan gida, soja ɗaya ya hango abokin gaba nan take dut tankokinka sun sani. Wannan ita ce babbar ƙaryar gem, ta fi ta laif girma, kuma ba a cika yin gardama kanta ba don ba ta da lamba. Abin da ya sa nike girmama Combat Mission ke nan. Kana ba da umurni, abokin wasanka ya ba da nashi, sai a saki minti ɗaya cur kana kallo ba ka iya taɓa komi. A sababbin fitowarshi kowace tanka abin da ita ta gani ta sani, sai labari ya iso mata ta rediyo ko ta baki. Za ka ga igwar abokin gaba ƙuru-ƙuru cikin ciyawa, tankarka na tafiya wajenta hankali kwance don ƙofarta a rufe take, kana ta ihu kai kaɗai a ɗaki. Wallahi akwai ciwo, amma haka abin yake. In ka ce kwamanda ya fito da kai zai gani da kyau, kuma harsashin ƙaramar bindiga na iya ɗauke shi. Close Combat tun 1996 ya shigo da tsoro cikin lissafi, soja na iya ƙin bin umurninka in wuta ta yi yawa.

Faɗan Arracourt misali ne mai kyau, a gabashin Faransa, Satumba 1944. Jamusawa sun zo da Panther sababbi fil, mutanen ciki kuma sababbin shiga ne da ba su samu horo sosai ba. Amurkawa na da Sherman, akasari mai igwa milimita 75 wadda ba ta huda gaban Panther. Amma hazo ya sauka da safe, nisan da Panther ke taƙama da shi ya tashi a banza, Amurkawa sun san wurin, sunka riƙa ɓullowa ta gefe inda sulken bai wuce milimita 40 zuwa 50 ba, sunka yi musu ɓarna mai yawa. In gem ɗinka bai iya haifar da irin wannan sakamako, in kullum mai kauri ke ci, to akwai abin da ya bari a baya.

Sai lalacewa. A faɗan Kursk, cikin ƙasar Rasha, Yulin 1943, Panther wajen 200 anka kai karon farko, wasu wuta ta kama injinsu tun ba su ga abokin gaba ba, cikin 'yan kwanaki masu iya tafiya sun koma wajen 40, wasu nakiya, wasu harbi, da yawa kuwa inji da giya ne sunka ba da kai. Tanka mai nauyi sai an nemo gadar da za ta ɗauke ta, sai jirgin ƙasa ya kawo ta kusa, in ta maƙale a laka sai an haɗa motocin ja, ga shan mai. A gem kuwa kana danna ta ta bayyana da cikakken tanki. Graviteam na ƙoƙari nan, tankar da ta lalace yau sai an gyara ta kafin ka sake samunta a faɗa na gaba, shi ya sa za ka ga ɗan wasa na lallaɓa ta kamar ranshi.

Yawa ma haka. Tiger ta farko ba ta kai 1,400 ba duka-duka, Sherman kuwa sama da 49,000, T-34 fiye da 50,000. Sojan Amurka na iya yin watanni a Turai bai ga Tiger ba, abin da ya fi kashe tankoki shi ne igwar da anka ɓoye cikin shinge, da nakiya, da wani yaro riƙe da Panzerfaust, makamin hannu na fasa tanka, a bayan bango mita 30 ko 60. Kuma yawancin harbin tanka kan sojojin ƙasa da gidaje da ramuka ne, ba kan 'yar uwarta tanka ba. Na san dalilin masu gem, ba mai sayen gem don ya zauna jiran makanike, kuma dole a daidaita ɓangarori biyu don wasa ya yi armashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya tashi daga gem ya riƙa ba da tarihi da shi.

In kana so ka gwada da kanka, shiga saitin gem ɗinka ka sa mafi tsanani, ka kashe alamomin da ke nuna abokan gaba, in akwai zaɓin kallo daga cikin tanka kawai ka zaɓe shi. Ka tura sojojin ƙasa gaba su duba maka shinge da kwana, ka tsaya cak kafin ka harba don tankokin wancan zamani haka suke yi in suna son su samu, kuma kada ka ba kowa gefenka. Wanda ya gwada ya gaya muna a ƙasa wane gem ya yi da shi da yadda ta kaya. Bidiyo na gaba kan harsasai ne, mai hudawa da ƙarfin gudu da mai hudawa da fashewa, da dalilin da ya sa ƙarancin tungsten, wani ƙarfe mai tauri da ake sa ma harsashi, ya takura Jamus. Sai mun haɗu, a gaida gida.