Shin Garin Gyaran Jiki Yana Buƙatar Sinadarin Hana Lalacewa?

Assalamu alaikum. Iyayena mata da 'yan uwana masu sana'ar gyaran jiki, tambayar da aka ba ni ita ce ko garin dilka, da lalle, da kurkur, da hoda suna buƙatar sinadarin hana lalacewa kamar yadda man shafawa mai ruwa yake buƙata. Amsar tana rataye ne a kan ruwa, kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin duk wadda ta taɓa shanya kuɓewa ko ta ajiye kilishi ta san cewa abin da ya bushe ƙayau yakan daɗe bai lalace ba.

Masana suna auna danshin da ƙwayoyin cuta za su iya amfana da shi a kan ma'auni daga 0 zuwa 1, inda tsantsar ruwa yake a 1. Yawancin bakteriya ba sa hayayyafa idan awon ya sauka ƙasa da 0.91, fumfuna kuwa ta fi juriya, tana kaiwa wajen 0.80, amma ƙasa da 0.60 babu abin da yake iya tsirowa. Saboda haka garin da ya bushe sosai, aka rufe shi ruf, ba ya buƙatar sinadarin, kuma ko an barbaɗa masa, yawancin irin waɗannan sinadarai sai sun narke a ruwa suke aiki.

Sai dai a nan ne nake so mu tsaya, domin bushewa tana hana ƙwayar cuta hayayyafa ne, amma ba lallai ne ta kashe ta ba. Wasu ƙwayoyin, musamman na cikin ƙasa, sukan dunƙule a cikin ɓawo mai tauri su kwanta shekaru suna jiran laima. A shekarar 1946, a ƙasar New Zealand, jarirai sun rasu sakamakon cutar sarƙe-haƙora da aka gano ta fito ne daga hodar jarirai, alhali hoda ce busasshiya. Ku tuna yadda ake shanya ganyen lalle a kan tabarma a tsakar gida, ƙura tana sauka, kaji suna ratsawa, sannan a kai shi injin da aka gama niƙa masara a cikinsa. Duk abin da ya shiga a waɗannan matakai yana nan a cikin ledar da muka ƙulle muka sayar.

Lokaci ma yana da tasiri. Garin da ya zauna lafiya da hunturu yana iya jawo danshi a watan Agusta, musamman wanda aka haɗa da garin shinkafa ko sitaci ko madarar gari, domin waɗannan abinci ne ga fumfuna. Na taɓa buɗe robar dilka da aka ajiye a banɗaki, na tarar garin ya dunƙule, gefen murfin ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ƙamshinsa ya juye. Irin wannan zubar da shi ake yi, tankaɗewa ba ta gyara shi.

Babban haɗarin kuwa yana farawa ne daga lokacin kwaɓi. Da zarar ruwa ko madara ko ƙwai ya taɓa garin, ya zama wani abu dabam, kuma a zafinmu wasu bakteriya suna iya ninka kansu cikin minti 20. Abin da ya fi damuna shi ne kwaɓaɓɓiyar dilka da ake ajiyewa ta kwana uku ana shafa wa amarya, bayan an yi mata halawa fatarta tana ɗanye. A kwaɓa iya abin da za a shafa a zama ɗaya, da busasshen cokali, ragowar a zubar. Wadda kuma take son sayar da kwaɓaɓɓe a kwalba, tana buƙatar sinadarin hana lalacewa a daidai awonsa, da gwajin ɗakin bincike, da rajistar hukumar NAFDAC. Mai sayar da gari kuma ta rubuta ranar niƙa a jikin leda, ta gaya wa mai saye kada ta sa jiƙaƙƙen hannu a ciki.