Amsoshin Tambayoyinku: An ce an ware kuɗin hanyarmu, to ina suka maƙale?

MAI GABATARWA: Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan kasafin kuɗi suka zo, shi ya sa muka gayyato wani malamin tattalin arziki daga jami'a. Dakta, sannu da zuwa.

DAKTA: Yawwa, sannunku da ƙoƙari.

MAI GABATARWA: Wata baiwar Allah daga Gusau tana tambaya, wai nawa ne tiriliyan ɗaya? Hajiya, biliyan dubu ne cif. Kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Fabrairu kuwa naira tiriliyan 54.99 ne.

Sai wani ɗalibi daga Katsina, yana son sanin wa ke rubuta kasafin. Ɗana, ka riƙa gyara rubutunka, sai da muka haɗu mu uku kafin muka karanta. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ne ke tattara buƙatun ma'aikatu, shugaban ƙasa ya kai wa majalisa, ita kuma ta duba ta amince.

To, ga wadda ta fi yawa. Daga Funtuwa, Azare, Potiskum, har da wani direba daga Kontagora, maganarsu ɗaya: kowace shekara sai a ce an ware kuɗin hanyarmu, shekara ta ƙare ko tifar yashi ba mu gani ba. Direban ma cewa ya yi duk wata sai ya canza sifirin saboda ramuka. Dakta, ina kuɗin?

DAKTA: To, ka ga tun 2007 akwai dokar kula da kashe kuɗin gwamnati, wadda ta ce dole a fara tsara hasashen shekara uku kafin a kawo kasafi, ta kuma ce giɓin da ke tsakanin kuɗin shiga da kuɗin kashewa kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa. Kafin wannan doka, musamman zamanin soja...

MAI GABATARWA: Dakta, a yi haƙuri, direba na jira a Kontagora.

DAKTA: To shi ke nan. Abin da ya kamata ya fahimta, kuɗin nan ba a cikin akwati suke ba ranar da aka karanta kasafi. Hasashe ne. Gwamnati na kintatar abu uku: nawa za a sayar da gangar ɗanyen mai, ganga nawa za a haƙo kullum, kuma naira nawa za ta sayi dala ɗaya. A 2025 an ɗora lissafi kan dala 75 kowace ganga, ganga miliyan 2.06 a rana, da naira 1,500 a dala ɗaya. Sai a watan Afrilu farashi ya zame zuwa dala sittin da ɗoriya, abin da ake haƙowa kuma ko miliyan 1.8 bai kai ba.

MAI GABATARWA: Bari in maimaita, don nan ne gaɓar. Kamar magidanci ne tun da bazara ya ce bana buhu ɗari na masara zan samu, kowane buhu a kan kuɗi kaza. A kan haka ya yi alkawarin aurar da 'ya, da rufin ɗaki, da biyan bashin taki. Kaka ta zo, buhu tamanin ya samu, kasuwa kuma ta karye. Mai taki ba zai jira ba, gida dole a ci. Me zai sha kashi? Rufin ɗaki. Hanyarku ita ce rufin ɗakin nan.

DAKTA: Haka ne. Biyan bashi kaɗai an ware masa sama da tiriliyan 14 a 2025. Shi ake fara biya, sai albashi da fansho, manyan ayyuka su ne a ƙarshen layi. Shi ya sa ka ga an yi ta tsawaita wa'adin ayyukan kasafin 2024 har cikin 2025. Kuma ba yau aka fara ba. A 2020 an sa gangar mai a dala 57, korona ta zo, sai da aka dawo da lissafi dala 28. A 2024 an sa naira 800 a dala, kafin Fabrairu ta ƙare ta haura 1,500.

MAI GABATARWA: Ni dai ra'ayina, kuma zan faɗa, korona ba laifin kowa ba ce, amma rubuta ganga miliyan biyu alhali an san ɓarayin mai na fasa bututu a Neja Delta, wannan son zuciya ne. Kasafin nan na 2025 tiriliyan 49.7 aka fara kai wa majalisa a Disambar 2024, shugaban ƙasa ya nemi a ɗaga shi zuwa 54.2, majalisa ta ƙara nata a kai. Gara a rubuta kaɗan a cika, da a rubuta da yawa talaka ya yi ta zuba ido.

Ku ma masu sauraro ina da ƙorafi a kanku. Duk wasiƙun nan Abuja kuka nufa, babu wanda ya tambayi jiharsa. A rabon arzikin ƙasa na wata-wata jihohi na karɓar kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kasonsu ya ƙaru sosai. Wata hanyar ma ta jiha ce, ba ta tarayya ba. Ku bincika tukuna, sannan ku tari ɗan majalisarku idan ya zo gida ɗaurin aure, ku tambaye shi nawa aka saki, ba nawa aka ware ba.

Wata uwargida daga Zariya ta ce ta ji an ce hauhawar farashi ta sauka, amma kuɗin cefanenta bai ragu ba.

DAKTA: Ai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta sabunta ma'auninta, ta bar kwatanta farashi da na shekarar 2009 ta koma 2024, ta ƙara kayayyakin da take bibiya. Shi ya sa adadin hauhawar ya sauka daga kashi 34.8 a Disamba ya koma 24.48 a Janairun 2025.

MAI GABATARWA: Uwargida, ko da ma saukar gaske ce, ma'anarta farashi ya rage gudu, ba wai ya juyo baya ba. Mudun da ya ƙara ɗari uku bara, bana ya ƙara ɗari biyu.

Ana yi mini nuni lokaci ya cika. Mai tambaya kan sababbin dokokin haraji daga Jos, wasiƙarka na hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Dakta, mun gode, a sauka lafiya.