Fim ɗin farautar 'yan Nazi: wa ya ce da bindiga aka kamo su?

Jama'a masu sauraro barkanmu da wannan lokaci. Yau a kan wani fim mai dogon zango za mu tsaya, sunansa Hunters, kamfanin Amazon ne ya sake shi a Fabrairun 2020, kashi na biyu kuma ya fito a 2023, kuma har yau sai ka ji matasa suna kambama shi wai akwai wuta, jarumai na cin uban bosawa. To ni dai haushi ya ba ni, bari ku ji dalili.

Labarin ba wani dogo ba ne. Birnin New York, 1977, wani dattijo attajiri da Al Pacino ya fito a matsayinsa ya tara 'yan farauta, suna bin tsofaffin 'yan Nazi, mutanen Hitler da suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi, waɗanda suka sulale cikin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, duk wanda suka damƙe sai su yanke masa hukunci nan take su aika shi lahira, ba alƙali ba lauya. Kuma maganar ɓuyan ba ƙarya ba ce fa. Amurka da kanta ta kwashi masana kimiyya na Jamus sama da 1,600 ta ba su aiki, ciki har da Wernher von Braun mai roka, wanda fursunoni ne suka riƙa ƙera makaminsa na V-2 a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa suna mutuwa, daga baya shi ne ya jagoranci ƙera rokar da ta kai Amurkawa duniyar wata. Wasu kuma suka tsere Ajantina da Brazil da Bolibiya. Ba a nan fim ɗin ya yi ƙarya ba, inda ya zuga ta shi ne a yadda aka kamo su.

Ku duba mutanen da suka yi aikin da gaske mana. Simon Wiesenthal, Bayahuden da ya fito daga sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi na Mauthausen a 1945 ƙashi da rai, ɗan ofis ne ya buɗe a Ostiriya, makaminsa fayil, wasiƙu, tsofaffin hotuna da jerin sunaye. Da wannan ya taimaka aka gano Franz Stangl, kwamandan sansanin Treblinka, yana aiki abinsa a masana'antar mota a Brazil, aka kama shi a 1967, kotun Jamus ta yi masa ɗaurin rai da rai a 1970. Da wannan aka gano Hermine Braunsteiner, mai gadin sansanin Majdanek, matar aure ce a unguwar Queens a cikin New York ɗin da fim ɗin ke magana, maƙwabta na yi mata kallon mutuniyar kirki. Ba wanda ya je ya harbe ta a kicin. Shekaru aka kwashe ana fama da takardu har aka miƙa ta Jamus a 1973, matan da suka tsira daga hannunta suka zo suka nuna ta da yatsa a gaban alƙali, a 1981 aka ɗaure ta. Serge da Beate Klarsfeld, miji da mata, suka bi Klaus Barbie, shugaban Gestapo ('yan sandan asirin Nazi) a birnin Lyon, har Bolibiya inda ya canza suna, sai 1983 aka kawo shi Faransa, sai 1987 aka yi shari'arsa a Lyon, garin da ya yi ta'asar. Ta takarda, shaida da kotu duk aka bi.

Hatta Adolf Eichmann, jami'in Nazin da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, wanda 'yan leƙen asirin Isra'ila suka sace a Buenos Aires a Mayun 1960 yana dawowa daga aiki, ai da kashe shi suke so da sun gama da shi a bakin titin nan cikin minti ɗaya. Amma suka ɗauko shi da ransa, aka zaunar da shi cikin kejin gilashi a 1961, shaidu fiye da 100 suka yi magana duniya na kallo, sannan aka rataye shi a 1962. Wannan shari'ar ce ta sa miliyoyin mutane suka fara jin abin da ya faru daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa. Da harsashi ɗaya aka ba shi a duhu, da duk wannan ya bi shi kabari.

Za a ce haba malam, fim ne fa, nishaɗi ne. Mai fim ɗin ma, David Weil, kusan abin da ya ce ke nan, wai shi ba tarihi ya zo koyarwa ba, kuma kakarsa na cikin waɗanda suka tsira. Mun ji, Allah ya ba da haƙuri. Amma a fim ɗin nan akwai inda aka nuna 'yan Nazi na buga darar Turawa da mutane a sansanin Auschwitz, fursunoni ne 'ya'yan darar, wanda aka ci sai a yanka shi. Wannan abu bai faru ba, ƙirƙira ce, kuma gidan tarihin Auschwitz da kansa ya fito ya yi tir, ya ce wauta ce mai haɗari da ke buɗe wa masu musun kisan ƙofa. Wurin da aka hallaka mutum kusan miliyan 1.1, yawancinsu Yahudawa, da 'yan Polan da 'yan ƙabilar Roma da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyat, shi ne kake ganin zaluncin bai isa ba sai ka ƙara masa gishiri? Gobe mai musu ya ce kun gani, darar ƙarya ce, to ɗakin gas ɗin da aka ce an kashe mutane a ciki ma ƙarya ne. Ka ba shi sandar dukanka da hannunka.

Ba zan ce ba a taɓa ɗaukar fansa ba, an yi. A 1946 wasu da suka tsira sun shafa guba a burodin fursunonin Nazi kusa da Nuremberg, a 1965 kuma an kashe Herberts Cukurs, wanda ake zargi da hannu a kisan Yahudawan Latbiya, a Uruguay ba tare da shari'a ba. Kuma ni ba zan zauna a situdiyo in koya wa wanda aka ƙona wa uwa da uba yadda zai ji ba. Amma me aka samu a kisan Cukurs? Tunda ba kotun da ta taɓa yanke masa hukunci, har yau akwai masu wanke shi a ƙasarsu Latbiya, suna cewa gwarzon matuƙin jirgi ne aka yi wa sharri. Stangl fa, wa ke iya wanke shi? Fayil ɗinsa na nan.

Sannan ga abin da ya fi damuna, wanda masu tafi ba sa tsayawa su tambaya: in ka kashe wanda ba shi ba fa? A daidai shekarun da fim ɗin ya zaɓa, an zargi wani mutum a Chicago, Frank Walus, da cewa ɗan Gestapo ne, shaidu suka rantse sun gane fuskarsa, kotu ta ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa a 1978, daga baya takardu suka nuna shi kansa aikin bauta aka sa shi a gonakin Jamus lokacin yaƙin, gwamnati ta janye ƙarar. John Demjanjuk kuwa hukuncin kisa aka yanke masa a Isra'ila a 1988 a kan cewa shi ne wani azzalumin mai gadi na Treblinka, a 1993 kotun ƙolin ƙasar ta soke saboda sabbin takardu sun nuna wani ne daban, sai a 2011 wata kotu a Munich ta same shi da laifin gadi a wani sansanin, Sobibor. Kotu ma da lauyoyinta da shekarunta tana kuskure, amma tana da hanyar gyarawa. Ɗan bindiga in ya yi kuskure wa zai ɗaukaka ƙara? Mu nan ai ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da aikin 'yan sa-kai ya jawo a Zamfara, mun ga matafiya 16 da aka kashe a Uromi a Maris ɗin 2025 saboda wasu sun tabbatar wa kansu cewa masu garkuwa ne.

Abin dariya ma, fim ɗin da kansa ya tona wa kansa asiri. A ƙarshen kashin farko sai ga shi dattijon da ke jagorantar farautar shi ne likitan Nazin da suke nema, ya saci sunan Bayahuden da ya kashe, duk wayonsu ba wanda ya binciki takardunsa. A kashi na biyu kuma da suka kamo Hitler ɗinsu na ƙarya, wanda wai yana raye a Ajantina alhali mutumin ya kashe kansa a Berlin tun Afrilun 1945, ina suka kai shi? Kotu. To me ya sa aka ɓata mana awanni ana koya wa yara cewa wuƙa ce maganin?

Eh kotu na da nawa, Josef Mengele, likitan Nazi na Auschwitz, ya mutu yana iyo a teku a Brazil a 1979 ba wanda ya taɓa gurfanar da shi, wannan abin kunya ne ga duniya baki ɗaya. Amma a shekarar ce dai Amurka ta kafa ofishi na musamman a ma'aikatar shari'a don zaƙulo irin waɗannan mutane, lauyoyi da masana tarihi ne a ciki, su ne suka sa Arthur Rudolph abokin aikin von Braun ya tattara ya bar ƙasar a 1984. Kuma a Disambar 2022 wata kotu a Jamus ta samu wata tsohuwa 'yar shekara 97, Irmgard Furchner, sakatariyar kwamandan sansanin Stutthof, da laifin taimakawa a kisan mutum sama da 10,000, aikinta kawai buga tafireta. Ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka aka yi mata, ta ɗaukaka ƙara, a 2024 babbar kotun tarayya ta ce hukuncin na nan daram.