Me ya sa fotal ke suma ranar rajista?

Assalamu alaikum, na can baya kuna ji na ko? To bismillah.

Abu na farko ku riƙe, HTTP, wato ƙa'idar da burauza da saba ke magana da ita a intanet, ba ya tuna kowa. Ka danna, saba (kwamfutar da ke ɗauke da fotal) ta amsa maka, ka sake dannawa kamar ba ta taɓa ganinka ba. Shi ya sa a 1994 wani injiniyan Netscape, Lou Montulli, ya ƙirƙiro kuki. Duk wanda ya taɓa ajiye babur a bakin Kasuwar Barci ya san abin nan, mai gadi zai ba ka ɗan kati mai lamba, babur na wurinsa kati na aljihunka. To kuki shi ne katin, a yaren kod na Java ana ce masa JSESSIONID a na PHP kuma PHPSESSID, bayananka kuwa suna can cikin memorin saba, wannan shi ne seshon.

Inda matsala take 'yan uwa, mun mai da seshon sito. An taɓa kirana in duba wani fotal na rajistar ɗalibai da ke mutuwa kullum da hantsi, na buɗe kod sai na tarar hoton fasfo da jerin kwasa-kwasai da rasit duk an jibge su cikin seshon, wai don kada a riƙa komawa databes, wato ma'ajiyar bayanai. Ku yi lissafi da ni, a ce kowane ɗalibi ya ci megabait 2, ɗalibai 10,000 sun shiga, gigabait 20 kenan, ba kowace saba ce za ta ɗauka ba. Kuma abin da ya fi ci min rai, babu mai fita ta ƙofa, wato ya danna logout, data ta ƙare ko an ɗauke wuta a kafe yaro ya tashi ya tafi, seshon ɗinsa na nan kwance yana cin wuri har sai wa'adinsa ya cika. Tomcat, manhajar saba ta Java, minti 30 yake bayarwa in ba ka taɓa saitin ba, ASP.NET na Microsoft minti 20, masu fotal ɗin kuma saboda ƙorafi sun ja shi ya koma wuni guda. Mai kwashe sharar Java, wato ɓangaren da ke share abin da aka gama da shi daga memori, ba ya taɓa abin da ake riƙe da shi, ƙarshe sai OutOfMemoryError, memori ya cika fotal ya suma.

Ni dai ra'ayina, lambar mutum da matsayinsa sun isa a seshon, sauran a bar su a databes.

In sabobinku sun kai biyu kuma wani zance ne. Wasu na ɗaure kowa da saba ɗaya, ranar da ta faɗi duk mutanenta sai sun sake shiga daga farko. Gara a fitar da seshon zuwa Redis, wata ma'ajiyar bayanai mai zaman kanta wadda Salvatore Sanfilippo ya fitar a 2009, kowace saba ta je can ta karanta, ku sa wa kowane seshon da ke can wa'adi. Kuma don Allah da mutum ya sa faswod ya shiga ku canza masa lambar kati, kada wanda ya san tsohuwar ya hau babur ɗinsa.