Ɗura ga yaro mai CP: kuskuren yana wuyan yaron, ba a kofi ba

Assalamu alaikum. Tun da bidiyon nan ya fara yawo a WhatsApp, wanda wata baiwar Allah ta kwantar da ɗanta a cinya tana masa ɗurar koko, ake ta turo min shi, wasu na zaginta wasu na cewa ai haka aka rene mu duka. Ni dai ba zan zage ta ba wallahi, wanda bai taɓa shafe awa guda da cokali a hannu yaro bai ci loma biyar ba bai san abin da ke kai uwa ga ɗura ba.

A gurguje, yaron yana da larurar da a asibiti ake ce wa CP, siribral falsi. Ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni tun yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da ta yi tsanani, ko sanƙarau. Kusan yara 2 zuwa 3 ne cikin kowane 1000. Ba a ɗauka, kuma ba ɗan ruwa ba ne, dan Allah a bar maganar nan haka.

To ga inda ake kuskuren. Ku duba wuyansa a bidiyon. Kan ya karye baya, haɓa tana kallon silin.

Kafin mu ci gaba, ke da kike kallo, ɗaga kanki sama sosai ki haɗiyi yawu. Gwada mana, ba wanda yake ganinki. Kin ji yadda ya maƙale? To ke kenan mai lafiya.

A maƙogwaro hanya biyu ce, ta gaba tana zuwa huhu, ta baya tana zuwa ciki, kuma duk lokacin da muka haɗiya akwai wani ɗan murfi da yake rufe ta huhun. Yaro mai CP jijiyoyin da ke wannan aikin suna makara, to idan kuma aka ɗaga kansa baya an wangale hanyar huhun kenan, kokon ya gangara da gudu kafin murfin ya rufe. Abin tsoron ma shi ne ba kowane yaro ne zai ƙware ya yi tari ba, wani shiru za ki ji, kina murna ya shanye kofi guda alhali wani abu ya sauka a huhu. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama, a tafi kemis a sayo maganin tari, wata mai zuwa a sake. Nimoniya ce, wato ciwon huhu, take ta dawowa ana ɗora wa sanyi da fanka laifi.

Ga yadda ya kamata. A zaune, ƙugu ya lanƙwasa, ƙafa ta samu abin takawa, kai a tsakiya, haɓa ta ɗan sunkuyo kaɗan kamar mai duba maɓallin rigarsa. Hannunki a bayan wuya da kafaɗa, kar ki tura ƙeya, wasu da an tura ƙeyar sai su ƙara banƙarewa. Ba sai an sayi kujerar asibiti ba, baho da zannuwa biyu da aka naɗe, sai filo, sun isa. Ki zauna daidai fuskarsa, cokalin ya zo ta ƙasa, in ya zo ta sama zai bi shi da ido kan ya koma inda muka fito.

Sauran da sauri: ƙaramin cokalin roba, rabin cokali, ki jira ya haɗiye tukunna. In ya cije cokalin kar ki fizge, zai saki da kansa. Ruwa tsululu ya fi saurin wucewa, shi ya sa yawanci kunu mai kauri kamar kindirmo ya fi musu, shayi da gutsuren burodi a ciki kuwa aiki biyu ne a baki ɗaya. Tunda kaɗan yake ci a zuba garin ƙuli-ƙuli ko ƙwai ko ɗan manja. An gama, ya zauna kamar minti 30 kafin a kwantar da shi.

Sai batun Hajiya Kaka, don na san can rigimar take. Za ta ce ta yi wa 'ya'ya tara ɗura ba wanda ya mutu. Gaskiyarta, amma su taran maƙogwaronsu lafiya lau. Kar ki tsaya musu, ki ce "Hajiya likita ne ya hana", ko ma maigidan ya faɗa da bakinsa, ta fi jin tasa. Kai kuma Malam da kake kallo ta gefen ido, ciyarwar dare ɗaya ba za ta rage maka komai ba, ita ma ta samu ta ci tuwonta da zafi.

In muryarsa tana gargada bayan cin abinci, ko ido na hawaye, ko kullum ciyarwa tana wuce minti 30, ko nauyinsa ya tsaya, a kai shi a duba haɗiyarsa. A Kano akwai sashen gashin ƙashi a asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi a Dala. Ki tafi da kofinsa da cokalinsa da kunun da kika saba damawa, ki ba shi a gabansu su ga wuyan da idonsu.