Fatalwar Zanin Gado da Sauran Ababen Tsoro na Turawan Da

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke gaba, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Waɗanda ke tsaye a baya ku matso, akwai kujeru nan gefe, ba abin da zai fito daga ƙarƙashinsu.

An ce in yi magana a kan tsofaffin labaran ban tsoro na Turawa, ni kuwa na ce zan yi, da sharaɗin a bar ni in yi musu dariya. Ga dalilina. Duk labarin tsoro da dare ake karanta shi, mutum shi kaɗai, zuciya na dukan uku-uku. To ka bari gari ya waye, ka samu abokinka ka ba shi labarin da bakinka, tiryan-tiryan, ba ƙari ba ado. Yawancinsu nan take suke zama abin dariya. Amma akwai 'yan kaɗan da za ka yi dariyar, ka gama, sannan ka ji wani abu ya maƙale maka a ƙirji bai tafi ba. Da wannan awon nake gane gwani.

Kuma ba ni na fara ba. Littafin da ake cewa shi ya buɗe wannan fage a Ingila, na Horace Walpole ne, a 1764. Kun san yadda ya fara? Ranar ɗaurin auren ɗan sarki, sai ga wani ƙaton kwalkwalin yaƙi ya faɗo daga sama ya danne ango, ya mutu. Hula ce fa ta kashe shi. (Dariya.) Bayan shekara hamsin da ɗoriya Jane Austen ta yi wa irin waɗannan littattafai shaƙiyanci: yarinyar da ta cika kanta da karatunsu ta kwana a wani tsohon gida, ta tsinci takardu a cikin kabad da tsakar dare, ta kwana ba barci tana jiran asirin kisan kai. Da safe ta duba, ashe lissafin kayan wanki ne. Haka Dracula na Bram Stoker, na 1897, labarin wani mai shan jinin mutane. Likita ya ga yarinya jininta na ƙarewa, sai ya yi ta ɗura mata jinin maza har huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ba gwaji ba komai, don sai bayan 'yan shekaru aka gano cewa jini rukuni-rukuni ne. 'Yan ajin likitanci da ke nan, ku za ku raba mana gardama, tsakanin mai shan jinin da likitan wa ya fi gaggauta mata.

To mu zo kan mutumina, M. R. James. Babban malami ne a Jami'ar Kambirij ta Ingila, shi ne shugaban King's College, gwanin tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Idan lokacin Kirsimeti ya zo sai ya tara abokansa a ɗakinsa, a rage haske, ya karanta musu labarin fatalwa da ya rubuta. A 1904 ya tattara na farko ya buga. Jarumansa duk irinsa ne, malamai masu tone-tonen kayan da, waɗanda ilimi ya yi musu yawa har ya toshe musu kunne.

Akwai na wani Farfesa Parkins. Mutumin da ko sunan fatalwa ba ya son a ambata, wai jahilci ne. Ya tafi hutu bakin teku don ya buga golf, ya sauka a masauki, ɗakin da ya samu mai gado biyu ne. Ku riƙe gadon nan na biyu. Yana yawo a wani kango sai ya tono wani usur na tagulla. Ya kawo ɗaki, ya kakkaɓe ƙasar ciki, ya ga rubutun Latin a jiki. Ya karanta, ma'anarsa tambaya ce: wane ne wannan mai zuwa? Yanzu don Allah, Hajiya da ke gaba, da ke ce me za ki yi? Ta ce jefarwa za ta yi ta wanke hannu. To shi farfesa cewa ya yi hanya mafi sauƙi ta sanin mai zuwan ita ce a busa masa. Ya busa. Bai ishe shi ba ya sake busawa. Iska ta taso kamar za ta ɓalle taga.

Da safe mai aikin masaukin ta tambaye shi a wane gado za ta ƙara bargo, don ta ga duka biyun an kwanta a kai. Farfesa ya ce ƙila garin kwance kaya ne ya yamutsa shi. Da yamma wani yaro ya taho a guje, a firgice, ya ce ya ga wani farin abu yana ɗago masa hannu ta tagar ɗakin, ɗakin kuwa a kulle, makulli na aljihun farfesa. Aka shiga, gadon ya sake yamutsewa. Gargaɗi nawa ke nan? Amma mutumin nan ya sa kayan barci ya kwanta a ɗakin. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

To da tsakar dare abin ya tashi zaune a gadon da ba kowa. Me kuke zato? Zanin gado ne. Zanin gado kawai, ya miƙe ya yi siffar mutum. Ku yi dariyarku, na ba ku izini. Amma ku ji abin da James ya yi. Abin makaho ne. Ya tsaya tsakanin farfesa da ƙofa, ya miƙa hannuwa yana lalube, ya sunkuya kan gadon da farfesa ya tashi yana shafa matashin kai. Sai da farfesa ya yi 'yar ƙara sannan ya juyo. Fuskarsa kuma ba ido ba haƙori, yamutsattsen ƙyalle ce. Wannan laluben shi ne ba ya wankuwa. Da a ce ya ba shi farata da jajayen idanu da tuni mun manta. Kuma James ya riga mu yi wa farfesan dariya, tun daga shafin farko yake tsokanarsa, saboda haka duk ba'ar da ka yi, shi ya miƙo maka ita da hannunsa, don ka saki jiki kafin ya kama ka.

Mu haye teku zuwa Amurka. A 1923 aka kafa wata mujalla a Cikago mai suna Weird Tales, ana buga ta a takarda mai araha, wadda ba ta daɗewa take yin ja. Bangonta sau da yawa mace ce rabi tsirara wani mugun abu na shirin kama ta, ko da kuwa labaran ciki ba ruwansu da haka. Ta yi ta fitowa har 1954. Ladan marubuci wajen santi ɗaya ne kowace kalma. A nan H. P. Lovecraft ya yi suna, mutumin garin Providence, an haife shi 1890 ya rasu 1937 cikin talauci. A zamaninsa ma ba shi ne masu karatu suka fi so ba, Seabury Quinn ne, wanda yau da ƙyar za ka sami mai tuna shi.

Lovecraft na da wata ɗabi'a. Zai ja ka shafi talatin yana yi maka alkawarin dodo. Idan aka iso gaban dodon sai ya ce maka abin ba ya faɗuwa, ba shi da suna, harshe ba zai iya siffanta shi ba. Sannan ya yi shafi biyu yana jero maka siffofi: la'ananne, ƙazami, tsohon da ya girmi duniya, mai wari, mai yauƙi. Malam, ko dai ya faɗu ko bai faɗu ba, zaɓi ɗaya. Wasu na cewa biyan da ake yi da kalma ne ya jawo haka. Ni ban yarda ba, don mutumin bai iya neman kuɗi ba ko kaɗan. Idan edita ya ƙi labarinsa sai ya jefa shi a durowa ya yi fushi. Son kalmomin ne kawai a jininsa.

Sai kuma jarumansa, waɗanda ba sa ajiye alƙalami. A wani gajeren labari da ya rubuta a 1917, mai ba da labarin na zaune yana rubuta abin da ya gani a teku, sai ya ji wani ƙaton abu mai santsi na gogar ƙofa. Ya rubuta cewa ya ji. Ya ga hannu, ya rubuta cewa ga hannu. Har ihun da ya yi na taga, taga, sai da ya rubuta shi. Bawan Allah, ka gudu mana! In ka tsira ka ƙarasa mana gobe. (Dariya.)

Babban dodonsa Cthulhu, wanda labarinsa ya fito a Fabrairun 1928, bayan editan, Farnsworth Wright, ya fara ƙin karɓa. An ce girmansa kamar dutse, kansa irin na halittar tekun nan mai hannuwa takwas, ga fukafukai, yana kwance a wani birni da ya nutse a tekun Fasifik tun kafin a yi ɗan Adam, yana jiran ranar da taurari za su daidaita ya tashi. Ranar ta zo, ya fito. Sai wani matuƙi ɗan ƙasar Nowe ya juya jirgin ruwansa ya banke shi a ka. Kan ya fashe, ya soma haɗuwa, jirgi ya wuce, birni ya sake nutsewa. Jiran shekaru miliyoyi, ya ƙare a haɗarin hanya. Mai sukar adabi Edmund Wilson, a 1945, ya ce abin tsoro na gaskiya a labaran nan shi ne munin rubutun.

Wilson ya yi gaskiya rabi. Idan ka tace siffofin nan ka zubar, akwai abin da ke saura. Fatalwar da aka saba da ita tana da dalili: an zalunce ta, ko an taɓa kayanta, kai take nema. Dodannin Lovecraft ba su san ma kana nan ba. Ba ƙiyayya, ba fansa, kamar yadda mai tafiya ba ya ƙin tururuwar da ya taka. Wannan tunanin sabo ne a lokacin, kuma shi ya sa har yau ake kwaikwayonsa. Mu da muka yi imani da Ubangijin da ya san adadin gashin kanmu, tsoron bai kama mu yadda ya kama mutanensa ba, amma mun gane abin da ya firgita su.

Akwai kuma inda dariyata ke tsayawa don wani dalili daban. A labarin Cthulhu ɗin nan, masu bauta wa dodon su wane ne? Baƙaƙe da barbarar yanyawa, ma'aikatan jirgi daga tsibiran Karebiyan da Kef Bade, kuma ya siffanta su kamar dabbobi. Shekara biyun da ya yi a New York, daga 1924 zuwa 1926, ganin baƙin haure a titi kaɗai ya ishe shi abin tsoro. Wato ku da ke zaune a nan, kuna cikin jerin dodanninsa. Nnedi Okorafor, marubuciyar da iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci wata babbar kyauta ta marubuta a 2011, aka miƙa mata mutum-mutumin kan Lovecraft, wanda shi ne kambun kyautar a lokacin, ta fito ta faɗi yadda abin ya dame ta. A 2015 aka daina ba da siffarsa. Ku karanta shi, amma da ido biyu.

Na bar mafi gwaninta a ƙarshe, kuma abin mamaki marubucin, W. W. Jacobs, ɗan barkwanci ne, da labaran ban dariya aka san shi. A 1902 ya rubuta na busasshen hannun biri. Wani tsohon soja ya dawo daga Indiya da shi, ya ce yana biyan buƙata uku, amma ya jefa shi a wuta ya ce a bar shi ya ƙone. Maigida ya sa hannu ya ciro. Ga kurman jarumi kuma. Me ya roƙa? Fam 200, ya biya bashin gida. Kashegari injin masana'anta ya kama ɗansa tilo, kamfani ya aiko da ta'aziyya da fam 200.

Kwana goma da rasuwar uwar ta tuna saura buƙata biyu. Ta tilasta wa mijin ya roƙi dawowar yaron. Shi ne ya ga gawar, da tufafi kawai ya gane ta. Ya roƙa. Shiru. Suka kwanta. Sai can aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali. Uwar ta ce ai ta manta, maƙabartar mil biyu ce daga nan. Wato tafiya ya yi. A ƙasa ya tako. Ta ruga, sakatar sama ta fi ƙarfin tsawonta, tana jawo kujera, shi kuma yana rarrafe cikin duhu yana neman hannun birin. Ya samu, ya yi roƙo na uku. Ta buɗe ƙofa, ba kowa a titi. Jacobs bai nuna mana komai ba, ko yatsa. Na ba da shi yanzu da hasken rana, da bakina, kuma ban ji wanda ya yi dariya ba.

Akwai tambaya? Na ga hannu can.

"Allah ya gafarta Malam, littafin sihirin nan da Lovecraft ke ambata, na wani Balarabe, akwai shi da gaske?"

Babu, ɗana. Necronomicon kake nufi. Shi ya ƙago shi, kuma ya sha faɗa wa masu rubuto masa wasiƙa cewa ƙage ne. Sunan mawallafin ma, Abdul Alhazred, laƙabin da ya ɗauka ne yana ƙaramin yaro bayan ya sha labaran Dare Dubu da Ɗaya. Da ya girma sai ya yi masa tarihi, wai mawaƙin San'a ne da ya zauna a Dimashƙu a ƙarni na 8. Abokansa marubuta suka riƙa ambaton littafin a nasu labaran, sai mutane suka ɗauka da gaske ne, suka yi ta zuwa ɗakunan karatu suna nema. Da 'yan kasuwa suka ga ana nema, a 1977 aka buga wani da wannan sunan aka sayar. Idan wani ya tallata maka shi a intanet, kuɗinka yake so. Na ji an kira salla, sauran tambayoyin sai mun dawo.